Ƙasar da gansakuka ta gina

A gidanmu na Gumel, idan damina ta yi nisa, gindin randar Inna da bakin katangar makewayi sukan yi kore shar. Tun ina yaro aikina ne in ɗauko guntun kasko in kankare, don kada wani ya zame. Iyakar sanina da gansakuka ke nan har na yi gemu: datti ce mai santsi, ruwa ke kawo ta, rani ya kwashe ta. Shi ya sa daren da na ce wa yayana ina so mu yi tafiyar awa uku a jirgin ƙasa mu je ganin gansakuka, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya ƙura mini ido.

"Auta, gansakuka fa ka ce?"

"Ita fa, Yaya."

Yaya ma'aikacin jinya ne a Inverness, can arewacin Sikotland. Ni kuma karatun kimiyyar ƙasar noma ya kai ni Birtaniya, hutu ya kai ni gidansa a watan Yuli. A aji na fara jin labarin wani dangin gansakuka da masana ke kira Sphagnaceae, wanda jinsin Sifagnum ne ke cikinsa, iri-iri sama da 300 a duniya, fiye da 30 daga ciki a Birtaniya. Mu a Hausa suna ɗaya muka raɗa wa koren da ke shimfiɗe a kan kududdufi da wanda ke liƙe a jikin bango. Masana sun raba su. Na kan ruwa wata halitta ce daban, na bango kuwa tsiro ne sosai, da ɗan kara da ganye, sai dai ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Sifagnum 'yar'uwar ta bangon ce. Malaminmu ya ce akwai wurin da ita kaɗai ta gina ƙasa sukutum, na kuwa ƙudurta sai idona ya gani.

Mun kama jirgin safe. Layin dogon ya bi gaɓar teku, ya karkata cikin tudu, ya sake komowa bakin ruwa, har garin Helmsdale, inda ya juya wa teku baya ya shiga kwarin Kildonan. Daga nan gidaje suka fara ƙaranci. Kwari ne mai kyau, kogi na gudu a tsakiya, tumaki na kiwo, amma mutane babu. A 1813 da 1819 aka tashi manoman kwarin daga gidajensu don masu ƙasa su zuba tumaki, wasu suka gangara bakin teku, wasu suka haye jirgin ruwa zuwa Kanada. Yaya ya nuna mini tarin duwatsu a gefen tudu, kufai ne. Wanda ya taɓa ganin ƙauyen da aka watse a ƙasarmu ba sai an yi masa bayani ba.

Bayan Kinbrace sai bishiyoyi ma suka janye. Jirgin ya sauke mu a Forsinard, tasha ce 'yar ƙarama, ya wuce, muka ji tsit. Tsohon ginin tashar an mai da shi ɗakin baƙi na ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, wadda ta sayi filin a 1995, yanzu kuma abin da ke hannunta a nan ya haura hekta 21,000. Yankin gaba ɗaya ana ce masa Flow Country, ya ratsa gundumomin Caithness da Sutherland, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 4,000. A Yulin 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma shi ne fadamar gansakuka ta farko da ta samu wannan matsayi.

Gaskiya ganin farko bai ba ni komai ba. Fili ne ja-ja, ruwan ƙasa-ƙasa, shimfiɗe har iyakar gani, duwatsu biyu-uku can nesa, sama a rufe da gajimare, yayyafi na sauka kamar ana fesawa da baki. Ba gona, ba itace, ba ko inuwar da akuya za ta fake. Yaya ya gyara wuyan rigarsa bai ce komai ba.

Wata dattijuwa mai aikin sa kai ce ta ja mu, mu shida. Hanyar falalen duwatsu ce aka jera, wani wurin kuma gadar katako, ta ce kada kowa ya sauka sai inda ta nuna. Ba mu yi nisa ba ta durƙusa, ta cusa hannu ta zaro ɗan dunƙule, ta miƙo mini.

"Matse," in ji ta.

Na matse. Ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsuna, ya gangara gwiwar hannuna, sanyi ƙarara. Na sake matsewa, ya sake fitowa. Sai da na yi sau huɗu kafin ya tsaya, abin da ya rage a tafina kuwa ba shi da nauyin komai, ya yi fari-fari kamar audugar da aka gurza. Sifagnum na iya riƙe ruwa wajen ninki 20 na nauyinta in ta bushe. Dattijuwar ta sa na mayar da dunƙulen ramin da ta ciro shi, kusa da wani dutse mai tsaga a tsakiya, ta ce in duba shi in mun dawo.

Kafin in mayar sai da na zare sili ɗaya na duba da ɗan gilashin ƙara girma da ta ara mini. Kansa curi ne na ƙananan rassa a dunƙule, kamar tauraro, kore mai haske. Ƙasa da kan, rassa na fita daga kara tuli-tuli, wasu sun baje gefe, wasu sun kwanta sun manne wa karan. Waɗannan kwantattun su ne lagwani: ta jikinsu ruwa ke hawa daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda kananzir ke bin lagwanin aci-bal-bal. Tsiron ba shi da jijiyoyin ɗaukar ruwa a cikinsa irin na dawa ko gero. Na bi silin zuwa ƙasa ina neman saiwa. Koren ya koma rawaya, rawayan ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya narke a yatsana. Babu saiwa ko ɗaya. Kai na tsiro sama, gindi na mutuwa a ƙasa, kuma a kan gawar kansa yake tsaye.

Sirrin ruwan yana cikin ganye. Kaurin ganyen ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ƙwayoyin kuma iri biyu. Akwai sirara, kore, masu rai, su ke haɗa abinci da hasken rana, sun saƙu kamar koma. A kowane idon komar kuma akwai babbar ƙwaya, matacciya, fanko, mai 'yan ƙofofi a jiki, da zobba a ciki da ke hana ta lotsawa. Tsiron ne ke zubar da abin da ke cikinsu tun suna sababbi don su zama tuluna. Mafi yawan jikin ganyen tulunan nan ne. Idan fari ya zo suka ƙafe, iska ta shige su, sai gansakukar ta yi fari, ta mayar wa rana haskenta, ta jira ruwa.

Na daɗe ina juya wannan a raina yayin da muke tafiya. Ruwan da ke sauka a wannan ɓangaren a shekara bai yi wa na Zariya nisa ba. Bambancin shi ne namu yakan zubo a wata huɗu ko biyar, rana ta biyo baya ta lashe shi. Nan kuwa kaɗan-kaɗan yake sauka, rani da damina, ga sanyi, rana ba ta da ƙarfin shanye shi. Abin da ya sauka kuma gansakuka ta kama ta riƙe. Shi ya sa fadamar ba ta tsaya a kwari kaɗai ba, ta hau tudu ta lulluɓe shi kamar bargo. Ba kogi ke ciyar da ita ba, ba idon ruwa ba. Daga sama kawai take sha.

Ruwan sama kuwa ba shi da abinci. Ɗan kalsiyam da magniziyam da ke cikinsa, jikin Sifagnum na fizge su, ya saki haidirojin a madadinsu, ruwan ya yi tsami, kusan tsamin ruwan tumatir. To ga tsami, ga sanyi, ga ruwa ya cike ko'ina har iska ba ta samun shiga. Ƙwayoyin da aikinsu ruɓar da mataccen tsiro ne sai su kasa aiki. Gawar gansakukar bana ta kwanta a kan ta bara, ta bara a kan ta bara waccan, nauyi na danne su har su zama wata baƙar laka mai laushi wadda mutanen wurin ke kira fit. A aji mun karanta cewa tsiro yakan dace da wurin da ya samu kansa. Wannan ita ta kan gyara wurin ya dace da ita, ta kuma hana wasu zama. Itacen da ya yi gangancin tsirowa a nan, saiwarsa za ta shaƙe.

Da muka isa wani wuri, dattijuwar ta ciro sandunan ƙarfe sirara daga jakarta, irin masu ɗauruwa da juna. Ta soka ta farko, ta shige lumus. Ta ɗaura ta biyu, ta ce Yaya ya danna. Da hannu ɗaya ya danna. Ta uku, ta huɗu. Sai a mita huɗu muka ji ƙarfen ya ci karo da tsakuwa. Akwai wuraren da zurfin ya kai mita 10. A ƙiyasi, fit na ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara, wato kaurin farce.

Na tsaya ina lissafi. In haka ne, taƙi ɗaya daga sama ya kai mu jihadin Shehu Usmanu na 1804. Mita ta farko ta kai mu zamanin Bagauda, wanda tarihin Kano ya ce ya hau sarauta a 999. Sauran mita ukun da Yaya ya danna da hannu ɗaya sun wuce duk abin da muke da labarinsa. Ni kuma duk rayuwata ba ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba. Fadamar ta fara taruwa shekaru kusan 9,000 da suka wuce, bayan ƙanƙarar da ta rufe ƙasar ta narke, kuma ba ta yar da komai ba. Ana tono kututturan itatuwan da suka mutu shekara 4,000 baya, da ɓawonsu. Ana samun ƙurar furen kowane zamani a jere, a karanta abin da ya tsiro a lokacin. Har tokar dutsen Hekla na Aisland, wanda ya yi aman wuta sama da shekara 4,000 da suka shige, iska ta kawo ta nan, tana kwance siririya a cikin lakar.

Daga kan hasumiyar katako da aka gina a tsakiyar filin ne na ga abin da ban gani daga ƙasa ba. Ɗaruruwan ƙananan tafkuna ne, baƙaƙe wuluk, wasu kamar faifai, wasu dogaye a lanƙwashe, sun jeru kamar zanen da ake yi wa ƙwarya. A harshen Gelik na mutanen tudun ana ce musu dubh lochan, wato baƙaƙen tafkuna. Tsakaninsu kuma filin da na ɗauka launi ɗaya ne ashe ja ne, da ruwan goro, da rawaya, da kore iri uku ko huɗu. Kowane launi da mai shi, kowa kuma da mazauninsa. A cikin ruwa tsundum akwai Sphagnum cuspidatum, koriya, mai laushi kamar jiƙaƙƙen gashi. A shimfiɗar bakin ruwa akwai Sphagnum papillosum, mai kauri, kalar kunun gyaɗar da ya ɗan ƙone, tana cikin manyan masu gina fit. A kan 'yan tsibi-tsibin da suka ɗaga kamar sabon suri akwai Sphagnum capillifolium, jawur, a cushe tamau har ka danna da tafi ba ta lotsa sosai. Na tsibin suna da ƙananan kai, sun matsu da juna, don su ja ruwa sama su hana shi tashi. Ba sa saurin girma, amma gawarsu ta fi ƙin ruɓa. Na ruwa kuwa suna saurin girma, suna saurin narkewa. Tazarar da ke tsakanin gidan wannan da na wancan ba ta wuce kamu ɗaya ba.

Yayyafi ya ɗauke, iska ta kwanta, sai ƙyashi ya taso. Ban taɓa ganin ƙyashi mai yawan na Sikotland ba, gajimare guda yake zuwa, ya shiga kunne da gashin ido. Muka rufa da ragar fuska. Dattijuwar ta nuna mana mai rama mana: wani ɗan tsiro da bai fi kwabo ba, kwance a kan jar gansakuka, ganyensa da jan gashi, kowane gashi da ɗigon ruwa a baki kamar raɓa. Danƙo ne. Na ga ƙyashi uku a manne a ganye ɗaya, gashin ya lanƙwaso a kansu. Tun da gansakuka ta riga kowa kwashe ɗan naitirojin da ruwan sama ke kawowa, wato sinadarin da muke saya a buhun yuriya, shi wannan sai ya koma cin nama. Can gefe wata ciyawa ce mai farin tukku kamar audugar rimi, tana ta kaɗawa. Tsuntsayen wurin a ƙasa suke ƙwai, tun da babu reshe. Mun ji kukan ɗaya mai baƙin ciki da bayan zinariya, siririn fito mai ratsa zuciya, mun kuma hango garken manyan bareyi masu rassan ƙaho suna tsallaka wani tudu.

A inda aka yarda mu taka, na sauka daga kan dutse. Ƙasar ta motsa. Na ɗan yi tsalle, Yaya da ke taku biyar daga gare ni ya ji a ƙafarsa. Kashi 90 cikin 100 na abin da muke tsaye a kai ruwa ne. Fuskar fadamar takan kumbura in ruwa ya yi yawa, ta sauka in an yi fari, har masu bincike suna auna wannan numfashin nata da tauraron ɗan'adam don su gane lafiyarta. Da na juya zan koma, na sa ƙafa a wani kore mai haske da na zata tabbatacce ne, ƙafar ta nutse har gwiwa. Yaya ya cafko ni. Da na zaro ta, na sa ran warin kwata, irin na tabon kududdufi. Babu. Ƙamshin ƙasa ne kawai, mai ɗan tsami.

Rashin warin nan ya kai mu ga zancen gawa. Kakana na wajen uwa majemi ne a Kano. Na taso ina ganin fata na kwana a ruwan bagaruwa ta fito ta yi ja, ta daina ruɓa. Abin da fadamar Sifagnum ke yi ke nan. Wani sinadari da ke fita daga matacciyar gansakukar yana jeme fata, yana kuma zuƙe kalsiyam daga ƙashi har ya yi laushi. A 1950 wasu masu yankan fit a Tollund ta ƙasar Danmak suka tono mutum, da hular fata a kansa, da igiya a wuya, idonsa a rufe kamar mai barci, har tsiron gemunsa ana gani. Suka kira 'yan sanda, a zatonsu kisan kwanan nan ne. Ashe ya shekara wajen 2,400 a kwance. An duba cikinsa an ga abincinsa na ƙarshe, fate ne na sha'ir da wasu ƙwayoyi. Kansa yana gidan tarihi na Silkeborg har yau. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da a ajiye ɗan'adam a gilashi ana kallo ba, ko na wane zamani ne. Da shawarata za a bi, in an gama bincike a mayar da shi ƙasa. A Ailan kuma man shanu ake tonowa, a cikin akushi ko ƙunshe a fata, wani ya haura shekara 3,000.

Nan ne Yaya ya fara sauraro da gaske, domin dattijuwar ta shiga fagensa. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya auduga ta yi wuya, ga raunuka ba iyaka, ga kuma ana haɗa albarushi da ita. A 1914 wani likitan fiɗa na Edinburgh, Charles Cathcart, da masanin tsirrai Isaac Bayley Balfour suka yi kira da a koma ga Sifagnum. Mata da yara suka bazama fadamu suna tsinta, ana tsince ƙaya da ciyawa, a shanya, a ɗura a 'yan jakunkunan yadi. Zuwa 1918 Birtaniya na haɗa wajen miliyan ɗaya a wata. Ta fi auduga shan jini da mugunya, tsaminta kuma na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Yaya ya durƙusa ya taɓa ta da bayan hannu, yadda na sha ganin yana taɓa goshin marar lafiya.

"Ka ga, Auta, abin da muke nema a bandejin gyambo ke nan. Ya sha ruwa, ya bar iska ta shiga, kada ya manne. Allah mai iko."

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa yana can gefen filin. Dattijuwar ta nuna mana wani fage mai faɗi, duk kututture da rassa a zube, an sare dajin ƙaf. Ta ce mana wannan aikin gyara ne, kuma suna alfahari da shi.

Ni ɗan Gumel ne. A firamare kowannenmu an ba shi dashen darbejiya ya raina, wanda nasa ya mutu ya sha bulala. Na ga yadda layukan itatuwan da aka dasa a arewacin Jigawa ke tare iska da rairayi. A wurinmu mai dasa itace mai sadaka ne, mai sarewa kuma ana yi masa kallon mai ɓarna. Ganin kututturan nan sai da gabana ya faɗi. Na ce mata ban gane ba.

Ta ce daga shekarun 1970 zuwa na 1980 gwamnati na yi wa masu kuɗi rangwamen haraji in sun zuba jari a dashen itace. Ƙasar nan kuwa arha gare ta, don kowa na ganin ba ta da amfani. Aka kawo manyan garmuna aka tsaga fadamar, aka yi kwari da kunya, aka haƙa magudanai, aka dasa itatuwan katako masu ganye kamar allura, 'yan asalin Arewacin Amurka, a dubun-dubatar hekta. Ruwa ya tsiyaye. Inuwa ta kashe gansakuka. Fit ya bushe ya tsattsage, iska ta shiga, ruɓar da aka hana ta aiki shekaru dubbai ta kama gadan-gadan, kabon da ke ƙulle a ciki, wato iskar nan mai ɗumama duniya, ya fara tashi sama. Dajin ya zama maɓoyar yanyawa da hankaki, suna fitowa suna cinye ƙwan tsuntsayen ƙasa. Itatuwan ma a wurare da yawa ba su yi kyau ba. Aka yi ta ja-in-ja tsakanin masu katako da masu kare muhalli, har a kasafin kuɗin 1988 ministan kuɗi Nigel Lawson ya soke rangwamen.

Yanzu ana sarewa, ana toshe magudanan da madatsun fit, ana baje kunyoyin, don ruwa ya dawo kusa da fuskar ƙasa. Daga nan sai haƙuri. Ta kai mu wani fagen da aka sare sama da shekara goma baya. A cikin tsofaffin kwaruruwan garma ruwa ya kwanta, koriyar Sifagnum ta ruwa ta cike su, tana hawa kan ruɓaɓɓun rassa tana binne su. Ja ta kan tsibi ba ta iso ba tukuna.

Sai da ta kawo lissafin kabon na sauko. Duk tsiro yana zuƙar iskar kabon, in ya mutu ya ruɓe ya mayar. Sifagnum na zuƙa, ba ta mayar da duka. An ƙiyasta cewa Flow Country kaɗai na riƙe da tan miliyan 400 na kabon, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin dukan dazuzzukan Birtaniya. A duniya kuwa ƙasar fit kashi 3 cikin 100 ce kawai ta doron ƙasa, amma kabon da ke cikinta ya fi na itatuwan dazuzzukan duniya in an haɗa su. Mafi yawanta a Kanada take, da Siberiya ta Rasha, da Finland da maƙwabtanta, inda Sifagnum ce babbar magina. A Afirka ana samun Sifagnum a kan duwatsu masu sanyi irin Ruwenzori, amma babbar fadamar fit ta Kwango da aka fitar da taswirarta a 2017 ganyaye da saiwoyin itatuwan daji ne suka tara ta. Ba a ɓoye mana cewa jiƙaƙƙiyar fadama na fitar da iskar mitan ba, wadda ita ma tana ɗumama duniya. Sai dai mitan ba ta daɗewa a sama, kabon ɗin da aka binne kuwa yana nan muddin ruwa na nan. In ruwa ya tafi, wuta ma na iya zuwa: a Mayun 2019 gobara ta yi kwana shida tana ci a arewacin yankin.

Ban daina ganin darajar darbejiyata ta firamare ba, ko kaɗan. A Gumel itace shi ne maganin. Abin da ya dame ni shi ne waɗanda suka kawo garmunan nan sun dubi filin ne irin duban da na yi masa da safe daga tasha, suka ga babu komai. Da ni aka ba aikin a lokacin, da abin da na taso da shi, da na dasa da zuciya ɗaya. Na tuna fadamunmu na Haɗejiya da Nguru, da yadda ruwansu ya ragu bayan an datse koguna a sama, da yawan lokutan da na ji ana kiran irin waɗannan wurare ƙasar banza.

Wajen ƙarfe uku rana ta fito sosai, ƙyashi ya ja da baya. Dattijuwar ta ce mun yi sa'a, mu zauna a gadar katako mu yi shiru. Ta nuna mana wasu 'yan ƙwallaye baƙaƙe masu sheƙi, kamar ƙwayar gero, a tsaye kan gajerun wuyaye bisa kawunan gansakukar. Kwanson iri ne. Kafin a same shi sai ɗigon ruwa ya haɗa namiji da mace, domin ƙwayar namijin iyo take yi ta isa ga ƙwan. In kwanson ya nuna, rana ta busar da shi, sai ya tsuke, iskar da ke ciki ta matsu, ta matsu, har murfin ya fashe. Ƙurar iri dubun-dubata ta yi sama wajen taƙi guda, a dunƙule kamar zoben hayaƙi. Taƙi guda ba komai ba ne a wurinmu, amma ga tsiron da ke kwance a ƙasa inda iska ba ta motsi, shi ne ke kai irin inda iska za ta ɗauke shi ta yi nisa da shi.

Muka kasa kunne. Da farko jinin kunnena kawai nake ji. Can sai ɗas. Shiru. Sai ɗas, ɗas, daga hagu, kamar ana fasa ƙwayar riɗi da farce. Yaya ya kama hannuna ya matse, bai ce uffan ba. Mun fi minti ashirin a haka.

Lokacin salla ya yi, ruwan gorarmu kuma ya ƙare. Na dubi tafkin da ke kusa, ruwansa ja kamar shayin da ba madara. Yaya ya tuna mini karatun zaure: ruwan da ya sauya launi saboda gansakuka ko ƙasar da yake kwance a kanta, ana alwala da shi. Na karanta wannan hukunci ina ɗan shekara goma sha biyu, ban taɓa zaton a nan zan yi aiki da shi ba. Muka durƙusa a bakin katako muka kamfata. Sanyinsa ya ratsa haƙorana, ɗanɗanonsa garau, da ɗan tsami a ƙarshen harshe. Muka shimfiɗa rigunan ruwa a kan falalen dutse muka yi salla, tsuntsun nan mai fito yana kira daga nesa.

A hanyar komawa tasha na tsaya wurin dutse mai tsaga. Na durƙusa ina neman farin dunƙulen da na matse da safe. Na ga ramin, na ga sawun gwiwata a gefe. Dunƙulen ya sha ruwa ya kumbura ya koma kore, na dudduba ban iya raba shi da na kusa da shi ba. Yaya ya kira ni daga gaba, ya ce in ɗaga ƙafa, ana jin jirgi ya taso.